Shirin Musamman: Bulon Gini Da Ban Ruwansa

Yau shirin namu zai leƙa gidan bulo ne, irin waɗanda ake gani a gefen titi a kusan kowace sabuwar unguwa, daga Kano zuwa Maraɗi, an jera bulo sahu-sahu yana jiran mai saye.

Kayan haɗin ba su da yawa: siminti, yashi da ruwa. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote daga Obajana, ko na BUA daga Sakkwato, ko na Ashaka da ke jihar Gombe. Ƙa'idar da injiniyoyi suka fi bayarwa ita ce awo ɗaya na siminti, awo shida zuwa takwas na yashi mai tsabta wanda babu laka a cikinsa. Kwaɓin ba ya son ruwa ya yi masa yawa. Ƙwararren lebura yakan ɗebi ɗan kaɗan ya dunƙula a tafin hannu. In ya riƙe siffarsa bai ɗiga ba, to ya yi daidai. Sai a zuba a inji ya girgiza shi ya danne, ko a daddage a buga da hannu.

Ramukan nan biyu na cikin bulo suna da aikinsu. Suna rage nauyi, suna rage kaya, iskar da ke ciki kuma tana ɗan tare zafin rana. Ta nan ake zura rodi a cika da kankare inda ake son ƙarfi, kamar a harsashin gini. Mai inci tara shi ake sa wa a bangon da ke ɗauke da nauyi, mai inci shida kuma a raba ɗakuna.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mutane da yawa na zaton bushewa ce ke sa siminti ƙarfi. Ba haka ba ne. Ruwa ne ke haɗuwa da siminti ya ɗaure ƙwayoyin yashi, kuma wannan aiki a hankali yake tafiya. Shi ya sa ake son a yi ta ba sabon bulo ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe shi da buhu ko leda, domin sai wajen kwana 28 yake kai yawancin ƙarfinsa. A ƙasarmu kuwa, iskar hunturu da ranar bazara suna zuƙe danshin cikin sa'o'i kaɗan. Bulon da aka buga jiya, aka loda a mota yau saboda maigida na gaggawa, ya bushe ne kawai, bai nuna ba. Da ido za ka gan shi lafiya ƙalau, sai birkila ya ɗaga shi gefen ya marmashe.

Sai kuma batun ha'inci. Tsadar siminti ta sa wasu na ƙara yashi don buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima. Abin takaici, mai sayen ma yakan bi arha, alhali iyalinsa ne za su kwana ƙarƙashin wannan bango, damina na dukansa shekara da shekaru. Hukumar SON ta gindaya ƙa'idojin ingancin bulo a Najeriya, sai dai gidajen bulo sun yi yawa, ba kullum ido ke kaiwa ko'ina ba.

Don haka, malam mai gini, ka je da ƙafarka. Ka tambayi bulo nawa ake fitarwa a buhu, kuma yaushe aka buga wanda za a ba ka. Ka kankare gefensa da ƙusa. In yashi ya yi ta zuba, ka haƙura da shi. Ka ƙwanƙwasa ka saurara, mai kyau yana da amo. In mai gidan bulon ya yarda, ka saki guda ɗaya daga daidai ƙugu. Nagari ba ya watsewa ya zama gari. In kana da fili da ruwa, ka sayi simintinka da yashinka, ka kira masu bugawa su yi a gabanka, ban ruwan kuma ka ɗora wa wanda ka amince da shi.

Nan za mu dakata a shirin na yau. A huta lafiya.