Wai Gidan da Aka Yi Kisa Ba Ya Zaunuwa?

Sau uku saƙon muryar nan ya shigo wayata a mako guda: daga zauren WhatsApp na 'yan ajinmu a Ƙaraye, daga gwaggona a Rogo, sannan daga maƙwabci. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle malaminsa, amma ya yanke hukunci: wai haramun ne zama a gidan da aka kashe mutum, jinin yana kira, iyali su tashi kafin sadakar bakwai, a sayar ko da asara.

Zancen fatalwa da kukan mujiya ba sai na tsaya a kansu ba. Da mutuwa na ɓata gida, da babu gidan gado ko ɗaya da zai zaunu a cikin garin Ƙaraye, don a ɗakunan nan kakanninmu suka cika.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne cewa a fitar da matar mamacin. Wannan kishiyar abin da ke cikin littattafanmu ne. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta nuna, kuma a Malikiyya a gidan da mace take zaune take yin ta. A Muwaɗɗa akwai labarin Furai'a 'yar Malik, 'yar'uwar Abu Sa'id al-Khudri. Bayin mijinta ne suka kashe shi a bayan gari, ta nemi komawa wajen danginta, Annabi (SAW) ya ce ta zauna a gidanta har idda ta cika. Nana A'isha kuwa, a ɗakinta Annabi (SAW) ya yi wafati, a nan aka binne shi, ta ci gaba da zama a ciki. Ina haramcin ya fito?

Sai a tambayi wa ke cin riba. Gidan da aka yi wa tambarin jini, araha yake faɗuwa hannun dillali, marayu su tashi ba muhalli, kuɗin kuma ya narke a haya.

Ban ga laifin gwaggona da ta tsorata ba. Wanda ya ga gawar nasa cikin jini, dole ɗakin ya yi masa nauyi, kuma sauya ɗaki ko kwana da 'yan'uwa ba aibi ba ne. In ana tsoron makasan su dawo, malamai sun yarda mai takaba ta ƙaura. Kada dai a wanke wurin kafin 'yan sanda su gama aikinsu.

Akwai kuma ɗakin da ke kisa da gaske: wanda aka rufe da garwashin gawayi ko janareta a lokacin hunturu. In tarin fuka ne ya ɗauki mamaci, a buɗe tagogi, a shanya shimfiɗa a rana, duk mai tari a gidan ya je asibiti a gwada majinarsa.