Yadda Kwamfuta Ke Sanin Ko Ƙarfe Nawa Ne

Idan ɗan kasuwa a Kano ya aika da kuɗi zuwa Kumasi ta ƙasar Ghana minti talatin bayan shigowar 1 ga Janairu, a can agogo zai nuna ƙarfe 11:30 na daren 31 ga Disamba. Ke nan ciniki ɗaya ya faɗa cikin shekaru biyu. To, wanne kwanan wata ya kamata na'urar banki ta rubuta?

Masu tsara manhajar kwamfuta sun shawo kan wannan matsala ta hanyar raba aikin gida biyu: ƙidaya daban, nunawa daban. A tsarin Unix, na'ura tana riƙe da lamba guda ce kawai, wato adadin daƙiƙoƙin da suka shige tun daga tsakar daren da 1 ga Janairu 1970 ya kama, bisa agogon duniya da ake kira UTC. Kowace rana tana ƙara daƙiƙa 86,400. Wannan lamba ɗaya ce a Kano da Kumasi da Tokyo.

Sai an zo nuna wa mutum ne ake juya ta zuwa lokacin garinsa. A harshen C, wanda da shi aka rubuta Unix, umarnin localtime ne ke wannan aiki. Yakan duba yankin da aka saita na'urar a kai, ya ƙara awa ɗaya idan Nijeriya ce ko Nijar, ya bar lokacin yadda yake idan Ghana ce. Sai dai akwai tarko ga ɗan koyo: amsar da yake bayarwa tana ƙidaya watanni daga sifili, Janairu 0, Disamba 11, shekara kuma daga 1900.

Abin lura shi ne, hukuma ce ke yanka agogon ƙasa, tana kuma iya sake shi. Sudan ta mayar da nata baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 2017. A Ingila kuwa, duk Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo daga ƙarfe biyu na dare zuwa ƙarfe ɗaya, saboda haka ƙarfe ɗaya da rabi kan zo sau biyu a dare guda. Na'urar asibitin da ta rubuta wannan lokaci kaɗai ba za ta iya tantance yaushe aka ba majiyyaci magani ba. Don haka ne ake da kundin yankunan lokaci, mai tattara tarihin irin waɗannan sauye-sauye, wanda hukumar IANA ke kula da shi tun 2011.

Ka'idar da gwanaye ke bi ita ce: abin da ya riga ya auku a adana shi da UTC, a nuna shi da agogon mai dubawa. Da haka kuɗin Kano za su shiga littafin banki sau ɗaya, ko da Bakano da mutumin Kumasi sun ga shekaru dabam-dabam a takardunsu.