Tallafin Korona da Sana'o'in Mata: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau za mu waiwayi taimakon kuɗin nan da Gwamnatin Tarayya ta ba masu ƙananan sana'o'i a shekarar 2020, lokacin annobar korona. Wata za ta ce, to, abin da ya riga ya wuce mene ne na tono shi? Dalili shi ne, an ware wa mata kaso mai tsoka a cikin kuɗin, amma mata da yawa a unguwanninmu sai dai labarinsa suka ji a rediyo. Ya kamata mu san abin da ya hana su samu, domin kada a maimaita.

Kullen da ya fi kulle

Ran 27 ga watan Fabrairu 2020 aka tabbatar da shigowar cutar Nijeriya, a jikin wani Bature ɗan Italiya da ya sauka a Ikko. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu. Jihar Kaduna ta hana fita tun cikin Maris ɗin, aka yi kwana 75 a haka. Ikko da Abuja suka bi ran 30 ga wata, Ogun kuma ran 3 ga Afrilu. A Kano kuwa an rufe gari ran 16 ga Afrilu, ana saura kamar mako guda a ɗauki azumi, kuma ba a sake shi sarai ba sai farkon watan Yuli. A shekarar ba a yi hawan salla ba, alhazanmu ma ba su sami zuwa Makka ba.

Mu matan aure da dama mun saba da kulle, amma wannan kullen daban ne. A namu na gargajiya mace tana ɗakinta, sana'arta tana yawo a gari. Yara suna kai ƙosai da waina bakin titi, mai ɗanwake da mai awara suna aika roba ƙofar makaranta, mai ɗinkin hula tana ba dillali ya kai kasuwa. Da aka rufe makaranta da kasuwa da tasha, aka hana taron biki da na suna, sai hanyoyin nan duka suka toshe a lokaci ɗaya. Mai kitso da mai lalle suka zauna hannu rabbana. Mai keken ɗinki, wadda kakarta ita ce azumi, ta ga salla ta zo ta wuce ba ta cika ko kwando ɗaya da ɗinki ba.

Sa'an nan ga maigida a zaune, in leburanci yake yi ko tuƙin a-daidaita-sahu babu na cefane. Ina za a nufa? Sai jarin uwargida. Yau a auni mudu biyu daga gyaɗar ƙuli-ƙuli, gobe a taɓa kuɗin wake, jibi a sayar da akuya. Adashi ma ya tsaya, don babu mai abin zubi. Da aka buɗe gari, masu saye suka dawo, amma jarin ya riga ya shiga tukunya.

Abin da gwamnati ta tanada

Cikin watan Yuni 2020 gwamnati ta amince da wani babban shiri na farfaɗo da tattalin arziki, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya tsara. A cikinsa aka ware Naira miliyan dubu 75 domin ƙananan sana'o'i, shi ne aka fi sani da Survival Fund. Wadda aka ɗora wa shugabancin kwamitin rabon ma 'yar'uwarmu ce, Hajiya Mariam Katagum, ƙaramar ministar ciniki da masana'antu a lokacin. Aka buɗe rajista ta intanet ran 21 ga Satumba, aka fara da makarantu masu zaman kansu.

An kasa taimakon gida-gida. Akwai na biyan albashi, inda gwamnati ta riƙa biyan ma'aikatan ƙananan kamfanoni da malaman makarantun kuɗi Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku. Akwai na masu sana'ar hannu da direbobi, Naira 30,000 sau ɗaya, wanda aka shirya wa mutum 333,000. Akwai kyautar Naira 50,000 ga ƙananan 'yan kasuwa 100,000. Akwai rajistar sunan sana'a kyauta a hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC, ga mutum 250,000. Daɗin daɗawa, gwamnati ta ce za ta sayi kaya irin su takunkumi da sabulun ruwa da abinci daga hannun masu yin su. A tsarin, kashi 45 cikin ɗari na mata ne, kashi 5 na naƙasassu. Ban da wannan, Ma'aikatar Jinƙai ta raba wa wasu matan karkara Naira 20,000 kowacce.

Kada wata ta raina Naira 30,000. A wancan lokaci ita ce mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnati na wata guda, kuma ta isa ta tayar da mai ƙosai ko mai fura daga zaune. Sai dai ku yi lissafi tare da ni. In aka raba mutum 333,000 daidai wa daida ga jihohi 36 da Abuja, kowacce ta tashi da 9,000. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, ke nan kowacce ba ta wuce mutum 200 da 'yan kai ba, maza da mata, teloli da direbobi. Abu kaɗan, masu nema da yawa. A irin wannan hali wadda ta zo da shirinta ita ke shiga gaba.

Abin da ya tare mata hanya

Kuɗin nan ba a hannu aka miƙa shi ba, ta banki aka aika. Ana bukatar mai nema ta kasance da asusun banki da sunanta, da lambar BVN, da lambar waya mai aiki. Masu neman na albashi sai sun nuna takardar rajistar kamfani. Masu sana'ar hannu kuwa galibi ta hannun ƙungiyoyinsu aka bi.

To, ku dubi yadda muke. Wani bincike da ƙungiyar EFInA ta yi a 2020 ya nuna kusan kashi 36 cikin ɗari na manyan mutanen Nijeriya ba su hulɗa da banki ko wata hanyar ajiya makamanciyarsa. Mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ita ce ta fi kowacce. Mace ta shekara ashirin tana tuyar waina, duk unguwa an san ta, ta aurar da 'ya'ya uku da kuɗin tanda, amma a takardar hukuma babu ita. Bankinta shi ne gwangwani a ƙarƙashin gado, ko tunkiya a turke. Layin wayarta da sunan ɗanta aka yi rajistarsa. Teloli maza na bakin kasuwa suna da ƙungiya da shugaba da magatakarda, ita kuwa mai keke a cikin gida babu wanda ya rubuta sunanta ko'ina.

Wasu da suka ji labari sun tashi neman BVN a lokacin, suka tarar da layi a banki har bakin titi, kafin su gama an rufe rajista. Wasu sun ba da lambar asusun miji ko na ƙane, sunan da ke takarda bai yi daidai da na banki ba, aka ajiye takardar gefe. Wasu kuma kuɗin ya shiga asusun wani, daga nan sai Allah Ya isa da rigimar cikin gida. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tallafi daban, bashi daban

Nan ne nake so ku buɗe kunne da kyau. A shekarar nan kuɗi iri biyu suka fito, mutane da yawa suka haɗa su a kwano ɗaya suna kira kuɗin korona. Wanda muka yi bayani a sama kyauta ce, ba a biya. Ɗayan kuwa na Babban Bankin Nijeriya ne, wanda ya fara da Naira miliyan dubu 50 a watan Maris 2020, aka raba ta hannun bankin NIRSAL. Wannan rance ne, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a farkonsa, da lokacin biya a rubuce cikin takardar da mai karɓa ya amince da ita.

Da yawa ba su karanta takardar ba, ko ba su sami mai karanta musu ba. Aka ɗauka rabon gwamnati ne, aka sayi atamfa da kayan ɗaki, aka yi hidimar biki. Alhali tun ran 1 ga Agusta 2020 wata ƙa'ida ta Babban Banki ta fara aiki, wadda ta ba banki izinin cire bashinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya ci bashin, ko a wane banki yake. Shi ya sa bayan 'yan shekaru aka riƙa jin koke-koke, mutum ya wayi gari an zare masa kuɗi bai san hawa ba bai san sauka ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, duk ranar da aka miƙo miki takarda ko aka ce ki danna a waya, tambaya ta fari ita ce: wannan kyauta ce ko bashi? In bashi ne, nawa zan mayar, kuma yaushe? In akwai kuɗin ruwa a ciki, ki nemi fatawar malamai tun kafin ki karɓa. Tambaya ba ta zubar da girma.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda aka zuba zuma ƙuda zai zo. Rajistar tallafin kyauta ce, hukuma ta sha faɗa a rediyo, amma duk da haka an sami masu bi gida-gida suna sayar da fom, da masu cewa a ba su rabi su sa sunanki, da masu bugo waya su ce daga banki suke. Ki riƙe wannan: babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ki lambar sirrin katinki, ko lambar nan da ake aiko miki a waya don tabbatar da cire kuɗi. Wanda duk ya tambaya ɓarawo ne, ko da muryarsa ta fi zuma zaƙi. Kuma kada ki ba kowa aron BVN ɗinki, domin in ya ci bashi da ita, ke za a bi.

Abin yi tun yanzu

Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya, kuma tallafin da muka ambata an rufe shi. Amma wuya ba ta yin sallama. Yau annoba, gobe ambaliya ko gobarar kasuwa, kuma duk taimakon da zai biyo baya ta wannan ƙofa zai shigo, ƙofar suna da lamba da asusu. Ga shawarwarina.

Na ɗaya, ki yi katin ɗan ƙasa, ki buɗe asusun banki da sunanki, ki yi rajistar layin wayarki da sunanki. Ki lura sunan ya zama iri ɗaya a duka ukun. Kada nan ki zama A'isha, can Indo, can kuma sunan mahaifi ya koma na miji.

Na biyu, ku haɗa kai. Matan da ke zubin adashi tare sun riga sun zama ƙungiya, saura su kai kansu ofishin jam'iyyun gama kai ko sashen mata na ƙaramar hukuma a yi musu rajista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jami'in gwamnati ya fi saurin sauraron mata talatin masu takarda a kan mace ɗaya.

Na uku, ki raba uwar kuɗi da riba. Ki ci daga riba, ki bar jari ya huta, kuma ki riƙa jefa wani abu a asusu komai ƙanƙantarsa. In Allah Ya sa kin sami tallafi, ki mai da shi buhun wake ko garwar mai tun bai kwana uku a hannunki ba, don kuɗi a hannu ƙafa gare shi.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, ga inda iliminku zai fara amfani tun ba ku gama ba. Ki sayi ɗan littafin rubutu ki zama magatakardar Inna. Kowane dare ki rubuta mata abin da ta saya, da abin da ta sayar, da wanda ya ci bashi. In takarda ta zo ki karanta mata daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke can ƙasa. Littafin nan shi ne shaidar sana'arta ran da za a ce ta kawo shaida.

Muna kuma roƙon iyayen gijinmu maza su bar matansu su je su yi waɗannan rajistoci, su raka su in da hali. Sun dai gani da idonsu a 2020 jarin wa ya riƙe gida. Hukuma ita ma, in za ta sake irin wannan rabo, ta aiko ma'aikata mata su shiga gida-gida, ta yi bayani da Hausa a rediyo tun da wuri, ta kuma bi ta hannun masu unguwanni da makarantun Islamiyya na matan aure, inda matan suke.

Wadda ta sami tallafin nan, ko ta nema ba ta samu ba, muna so ta rubuto mana yadda ta yi domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya tsare mu da sake ganin irin wannan annoba, Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.