Sankarar Jini: Mutum Nawa Take Kamawa, Nawa Suke Warkewa?

A wannan makon mun kawo muku bayani kan sankarar jini, wadda likitoci suke kira lukimiya.

Cutar tana farawa ne a cikin ɓargo, wato inda jiki yake ƙera jini. Ɓargon sai ya riƙa fitar da fararen ƙwayoyin jini marasa amfani da yawa, har su danne lafiyayyun. Shi ya sa mai cutar yake yawan zazzaɓi, ya yi fari fat, ya riƙa gajiya da ciwon ƙashi, ga haɓo ko zubar jini daga dasashi.

Yaya yawanta yake? A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 475 ne suka kamu da ita a duniya. Mafi yawansu manya ne. Amma a cikin kansar da take kama yara, ita ce kan gaba a ƙasashe da yawa. A Amurka, idan aka tara yara goma masu kansa, kusan uku sankarar jini ce ke damunsu. Nau'in da ya fi kama yara ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 5.

To, ana warkewa? E, ana warkewa. Likitoci suna lissafi ne haka: cikin yara 100 da aka gano suna da cutar, nawa ne suke raye bayan shekara 5? A farkon shekarun 1960 ba su kai 10 ba. Yau a ƙasashe masu arziki, wajen 90 ne suke raye a wannan nau'in da ya fi kama yara. Sai dai maganin yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku, kuma ba a yanke shi a tsakiya.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya kan kansar yara gaba ɗaya. Ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba. Cutar ɗaya ce. Bambancin shi ne jinkirin ganowa, tsadar magani, nisan asibiti, da daina magani idan kuɗi ya ƙare. A shekarar 2018 hukumar ta sa burin kai wa kashi 60 a duniya kafin 2030.

A wajenmu, alamomin suna kama da na maleriya ko sikila. Sai a yi ta sayen magani a kemis har lokaci ya ƙure. Don haka idan ƙaninka ko ƙanwarki ta sha maganin maleriya amma zazzaɓi ya ƙi sauka, ga rama da haɓo, mu roƙi iyayenmu a kai ta asibiti a gwada jini. Mai yiwuwa ba sankara ba ce, amma gwaji ne zai nuna.

Mu kuma sani cewa ba a ɗaukar ta ta cin abinci tare ko zama a benci ɗaya. Kada mu guji mai ita, ko mu yi masa dariya idan magani ya zubar masa da gashi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare