Silbanait: Ma'adinin da ke ɓoye zinariya da azurfa

Mai haƙar zinariya da ido yake aiki: abin da ya yi rawaya a kwanon wanki shi ne riba, saura kuwa ƙasa ce. Amma akwai ma'adinin da wannan ma'auni ba ya kama shi, wato silbanait, wanda ba a cika samunsa ba a duniya.

Sunansa ya samo asali daga yankin Transilbaniya na ƙasar Romaniya, ana kuma samunsa a Kolorado ta Amurka, da Fiji, da Ostireliya. Launinsa fari ne mai ƙyallin azurfa. Yana da laushi har farce na iya karce shi, ga nauyi kusan ninki 8 na ruwa. Kimanin kashi 24 cikin 100 na nauyinsa zinariya ce, kashi 13 azurfa, ragowar kuma sinadarin teluriyam, wanda ke ɗaure su wuri guda.

Wannan ɗauri shi ne matsalar. Zaibar da ƙananan mahaƙa ke amfani da ita zinariyar da ke sake kawai take kamawa. Wadda teluriyam ya ɗaure, galibi sai an gasa dutsen kafin ta fito. A Kalgurli ta Ostireliya, bayan gano zinariya a 1893, mahaƙa sun riƙa cike ramukan hanya da wani ɗan'uwan silbanait mai suna kalaberait. Sai a 1896 suka fahimci dukiya suke takawa.

Darasin ya shafi matasan Tambuwal da Kebbe, maƙwabtan Jihar Zamfara. Idon da ba ya ganin zinariyar da ta ɓuya, ba ya ganin guba. A 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta damƙa ikon ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Tambayar da ta dace a yi wa wakilan yankin a Majalisar Tarayya ita ce: yaushe gwajin dutse zai matso kusa da bakin rami, a kan kuɗin da talaka zai iya biya? Matuƙar dillali ne kaɗai ya san abin da ke cikin buhu, shi zai ci gaba da yanka farashi.