Puy du Fou: filin shaƙatawar Faransa inda makarar minti biyar ke hana mutum kallo

A yammacin Faransa, cikin yankin Vendée, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Les Epesses, akwai wani filin shaƙatawa da ya sha bamban da sauran. Babu lilo a cikinsa, babu jirgin da ke juya mutum sama da ƙasa. Abin da ake zuwa gani wasannin dandali ne: dawakai, takubba, wuta, jiragen ruwa da tsuntsaye. Sunansa Puy du Fou, kuma mutane fiye da miliyan 2 ke ziyartarsa a kowace shekara.

Ɗaliban Nijar da ke karatu a Faransa, da iyalan da ke zuwa hutun ƙarshen shekarar karatu wurin ƴan uwa, na iya samun kansu a wannan wuri. Sai dai wanda ya shiga ba tare da tsari ba yakan fito da takaici, domin kowane wasa da lokacinsa, kuma idan kujeru suka cika ko aka fara wasa, ana rufe ƙofa. Wanda ya biya kuɗin jirgin ƙasa da na masauki da tikitin iyali, sannan ya tsaya bayan shinge yana jin tafi daga ciki, ya yi asarar da ba a mayar masa.

Asalin wurin

Labarin ya fara ne a 1977, lokacin da Philippe de Villiers, wanda daga baya ya zama sanannen ɗan siyasa, ya ga kangon wani tsohon gidan sarauta a wurin. A watan Yunin 1978 aka yi wasan dare na farko, wanda ake kira Cinéscénie, da ƴan sa-kai na ƙauyukan kewaye. A 1989 aka buɗe babban filin da ake yawo cikinsa da rana. Yau kamfanin na da wani filin a Toledo ta ƙasar Sifen.

Wasannin sun ginu kan tarihin Faransa, tun daga zamanin Rumawa, ciki har da yaƙin Vendée na 1793. Wasu masana tarihi na Faransa sun soki yadda ake ba da labarin, suna cewa ana karkata shi zuwa ra'ayin masu wurin. Don haka mai kallo ya ɗauke shi a matsayin wasa mai ƙayatarwa, ya nemi tarihin a littattafai.

Lissafin yini guda

Kuskuren farko da baƙo ke yi shi ne ya duba tsawon wasa kawai. Manyan wasannin rana sukan ɗauki minti 30 zuwa 40. Amma kafin wasan akwai tafiyar ƙafa, domin filin ya haura kadada 50, kuma daga wannan dandali zuwa wancan ana iya cin minti 10 zuwa 15, musamman idan akwai yara ko dattijo. Bayan haka akwai jira. A ranakun cunkoso, wato Yuli da Agusta da ƙarshen mako, ya kamata mutum ya kasance a bakin ƙofa kusan minti 30 kafin a fara.

Idan aka haɗa tafiya da jira da kallo da fitowa cikin dubban jama'a, wasa guda na cin sama da awa ɗaya. Ke nan wanda ya shiga da safe ya fita da yamma, ya cire lokacin cin abinci da salla, zai samu manyan wasanni biyar ko shida idan ya yi ƙoƙari. Wannan ne ya sa da yawa ke sayen tikitin kwana biyu.

Jadawalin wasanni yana canzawa daga rana zuwa rana. Ana samun sa a manhajar filin ta wayar hannu, ana kuma raba shi a takarda a ƙofar shiga. Abin da ya fi dacewa shi ne a zauna tun kafin a shiga, a zaɓi wasanni uku da ba a son rasawa, a rubuta lokutansu, sannan a cike tsakaninsu da ƙananan wurare irin su ƙauyukan da aka gina irin na da, waɗanda ba su da ƙayyadadden lokaci. Manyan wasannin akan maimaita su fiye da sau ɗaya a yini idan jama'a sun yi yawa, don haka wanda ya tarar layi ya yi tsawo yana iya barin na wannan lokaci ya dawo na gaba, muddin bai ci karo da wani da ya zaɓa ba.

Akwai kuma tikitin ƙari mai suna Pass Emotion. Wanda ya saye shi yana shiga ta wata ƙofa daban, ya zauna a wurin da aka keɓe, ba tare da dogon jira ba. Adadinsa ƙayyadadde ne, kuma ga iyali mai mutum biyar ko shida kuɗin na da nauyi. Shi ma mai wannan tikiti dole ya zo kafin a fara.

Ina ya kamata a zauna?

A wasannin rana ba a rubuta lambar kujera. Wanda ya riga zuwa shi ke zaɓe, kamar yadda aka saba a filin kokawa na Maradi ko Tawa lokacin gasar Takobi, inda mai son inuwa ke sammako. Sai dai layin gaba ba kullum ya fi ba.

A Le Signe du Triomphe, wanda ake yi a wani fili mai siffar ƙwai irin na Rumawa da ke ɗaukar mutum wajen 6,000, ana tseren kekunan doki a kewaye. Wanda ya zauna ƙasa sosai yana jin sukuwar dawakai a kusa, amma ɗaya gefen filin na yi masa nisa. Tsakiyar tsawon filin, a ɗan sama, shi ne inda ake ganin tseren gaba ɗaya.

A Les Vikings, inda jirgin ruwan mahara ke fitowa daga ƙarƙashin ruwa kuma wuta ke tashi a ƙauyen, abubuwa na faruwa a wurare da dama lokaci guda. Nan ma tsakiya daga ɗan sama ya fi. Wasan a sarari yake, don haka hula da gorar ruwa na da amfani, haka rigar ruwa, tunda yammacin Faransa ba ya rabuwa da yayyafi ko a bazararsu.

Le Bal des Oiseaux Fantômes wasan tsuntsaye ne: shaho, mikiya, mujiya, ungulu da shamuwa. Masu horar da su na tsaye a wurare daban-daban cikin ƴan kallo, tsuntsayen kuwa na ratsawa dab da kawunan mutane. A ƙarshe ana sakin tsuntsaye masu ɗimbin yawa lokaci guda. Iyaye su sanar da ƙananan yara tun kafin a fara, su kuma riƙe su a zaune, don kada fukafukin ungulu ya firgita yaro ya miƙe da gudu.

Le Dernier Panache, wanda aka buɗe a 2016, a cikin gini yake, kuma kujerun ƴan kallo ne ke juyawa suna bin labarin daga wannan fage zuwa wancan. A nan kusan duk inda mutum ya zauna zai gani, matsalar kawai samun shiga, domin ɗakin na ɗaukar mutum wajen 2,400 ne. Irin waɗannan wasanni na cikin gini, har da Mousquetaire de Richelieu, sun fi dacewa da tsakar rana ko lokacin da hadari ya haɗu, amma a tuna kowa ma hakan yake tunani, layin na tsawo a daidai lokacin.

Masu yara ƙanana su zauna kusa da hanyar fita, ko da ba a tsakiya ba ne. Ana ajiye kekunan tura jarirai a waje. Naƙasassu na da wuraren da aka keɓe musu, sai su nemi ma'aikata da wuri.

Wasan dare tsarinsa daban

Cinéscénie shi ne abin da ya yi wa wurin suna. Ana yin sa daren Juma'a da Asabar daga Yuni zuwa Satumba, a fagen da ya kai kadada 23, da ƴan wasa fiye da 2,000, dukansu ƴan sa-kai, gaban ƴan kallo sama da 13,000. Yana ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi. Dole a yi rajistarsa tun da wuri, kuma kujerunsa kan ƙare watanni kafin ranar. Wanda ya zo da niyyar saye a bakin ƙofa yana iya komawa hannu rabbana.

A nan kujera da lambarta take, don haka ba a tsere. Amma shigar mutum 13,000 ba abin minti goma ba ne, shi ya sa ya kamata a isa kusan awa ɗaya kafin lokaci. Ana farawa da ƙarfe 10 da rabi na dare a Yuni da Yuli, da ƙarfe 10 a Agusta da Satumba, saboda sai duhu ya yi fitilu ke aiki. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Vendée sai wajen ƙarfe 10 na dare. Musulmi mai kallo ya lura da wannan: magariba na faɗawa ne daidai lokacin da jama'a ke neman kujerunsu, don haka ya yi alwala tun da wuri, ya kuma san inda zai tsaya kafin ya shiga cunkoso. Dare na yin sanyi a bakin tafkin ko da rana ta yi zafi, sai a tafi da rigar sanyi.

A yi tunanin komawa tun kafin a zo. Ana tashi ne wajen tsakar dare, kuma wurin ƙauye ne. Daga Nantes tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Mai zuwa daga Paris kan hau jirgin ƙasa mai sauri zuwa Angers, daga nan ya nemi motar da ke kai baƙi filin, wadda ita ma sai an yi rajista. Wanda ba shi da mota, ya kama masauki a kusa, a Les Herbiers ko Cholet ko a otal-otal ɗin filin, ya kuma tabbatar da abin da zai mai da shi can bayan an tashi.