Matsayin Dillali a Cinikin Gida da Fili: Wakilin Wane ne?

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba matsayin dillali a cinikin gidaje da filaye a Nijeriya ta Arewa, inda shari'ar Musulunci da dokar ƙasa suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Tambayar da muke son warwarewa ita ce: wa dillali yake wakilta, mai sayarwa ko mai saye?

A mazhabar Malikiyya, wakili amintacce ne. Ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni. Wajibi ne ya sayar a kan kuɗin da ake sayar da irin wannan kadara, kuma ba shi da ikon saya wa kansa abin da aka ba shi ya sayar sai da iznin mai shi. Dokar da aka gada daga Ingila ma ta tafi a kan haka, watau duk ribar ɓoye da wakili ya ci, dole ya mayar wa wanda ya wakilta shi.

Matsalar tana tasowa ne in dillali ɗaya ya karɓi la'ada daga ɓangarorin biyu. Mai gida yana son tsada, mai saye yana son araha, dillali kuwa ya san sirrin kowannensu. A ganinmu, irin wannan wakilci ba ya inganta sai kowane ɓangare ya sani kuma ya yarda tun kafin a sallama.

Sa'an nan akwai iyakar da doka ta gindaya. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana mai haƙƙin zama da gwamna ya bayar ya miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. A 1993 kuma, a shari'ar Ude da Nwara, ta bayyana cewa takardar wakilci izni ce kawai, ba ta mayar da mallaka ga wanda aka ba.

Saboda haka muna ba da shawara a riƙa rubuta wakilci gaban shaidu, a ambaci wanda ake wakilta, da kuɗin da aka yarda a sayar, da yawan la'ada, da wanda zai biya ta.